Gara a Ce Na'ura Ce

Ƙarfe bakwai da rabi motar makaranta take kwashe yaran, ƙarfe takwas Farfesa yake fita, daga nan gida ya zama na Auta ita da littattafanta na rubutu. Ba ta da ofis. Teburin cin abinci ne ofishinta, gefen da ke kusa da taga, inda ƙafa ɗaya ta gajarta aka cusa mata kwali. Sai ta share ɓurɓushin burodi, ta goge ɗigon shayi, ta ɗora tukunya, ta zauna ta buɗe littafi mai layi-layi irin na 'yan makaranta, ta kama biro. A haka, tsakanin duba tukunya da kwashe shanya, aka rubuta littafin da ya sa sunan mijinta ya karaɗe ko'ina.

Farfesa malamin sadarwa ne a jami'a. Tun da fasahar nan ta ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wadda za ka ba ta umarni ta zubo maka shafi goma kafin shayinka ya huce, ya zama shi ne gwani a kanta. Rediyo shi, talabijin shi, taron malamai shi. Baki kam Allah ya ba shi. Idan ya miƙe ya gyara tabarau ya ce duk wanda ya sa sunansa a kan abin da bai rubuta ba ɓarawo ne ko da ya ci jarrabawa, sai ka ji zaure ya kaure da tafi. Ita ma wannan jimlar Auta ce ta rubuta ta, wata safiya tana jiran shinkafa ta tsotse.

Tsarin aikinsu ba ya canzawa. Ya dawo da yamma ya zube mata takardu da mujallu, ya yi ta safa da marwa a falo yana zuba, rabin maganar ma ƙorafi ne a kan abokan aikinsa. Ita ta karanta, ta tace, ta rubuta da hannu, ranar Asabar ta buga a kwamfutarsa. In yana cikin nishaɗi Sakatariya yake ce mata. Digirinta biyu suna akwati ƙarƙashin zannuwan gado, shekara goma sha huɗu ke nan. Bana ne, da ƙaramar 'yarta ta shiga makaranta, ta ce ya isa haka, ta karɓo fom ɗin digiri na uku a tsangayar ilimi ta wannan jami'ar. Abin da take so bai fi wannan ba: ta koma aji, a kira ta da sunanta, a ba ta maki a kan abin da ta rubuta.

"Abban yara, fom ɗin nan suna neman samfurin rubutu," ta ce masa yana ɗaura agogo. "Shafi ashirin, abin da mutum ya rubuta da kansa."

"To me kike jira? Ki ba su babi na huɗu na littafin nan mana. Ai naki ne, kowa ya sani."

"Wa ya sani?"

Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Za su sani. Na riga na gaya wa masu ɗab'i su sa sunanki a kan babin, tare da nawa. Sakatariya za ta zama Dakta, mu shiga uku a gidan nan."

Babi na huɗu shi ne wanda ta fi so a duk littafin. A ciki ta ce kada malami ya dogara da manhajar da ake cewa tana gane rubutun na'ura, don takan yi wa mai gaskiya ƙazafi. Ya zaunar da ɗalibi ya tambaye shi inda ya fi shan wahala a rubutunsa, domin wanda ya rubuta abu da kansa ba ya manta wurin da ya maƙale. Ta buga babin, ta sa sunanta a sama, ta kai da kanta. Ranar har waƙa take yi a kicin.

Bayan wata uku littafi ya fito. Direban sashen su Farfesa ya kawo kwali biyu ya ajiye a falo. Auta ko hannu ba ta tsaya gogewa ba, ta yanke igiyar da wuƙar albasa, ta zaro ɗaya, ta wuce kai tsaye babi na huɗu. Kalmominta na nan, har waƙafin da suka yi musu a kansa. Suna babu. Ta koma bango, ta koma jerin abin da ke ciki, sai a shafin godiya ta tsinci kanta, bayan shugaban jami'a da abokan aiki da mai gyara masa kwamfuta: "da kuma iyalina, saboda haƙurinsu."

"Kuskuren masu ɗab'i ne," in ji Farfesa da ya dawo. "Kin san mutanen nan. Na wanke su tas. A bugu na biyu za a gyara."

"Har a jerin abin da ke ciki suka manta?"

"Auta, yau ranar farin ciki ce. Kada ki ɓata mana ita da ƙananan maganganu."

Ta haɗiye. Haɗiya ba baƙon abu ba ne a wurinta. Ta ce wa kanta bugu na biyu ba nisa, kuma ko ba komai masu tantance fom za su kira ta su tambaye ta, a nan za ta yi bayani.

Sati uku bayan haka Farfesa ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Rigarsa ta jiƙe a baya. Ya zauna a hannun kujera bai cire takalmi ba. Wani ƙaramin malami a sashensu, wanda Farfesa ya taɓa hana ƙarin girma, ya ɗauki littafin ya zuba shi a manhajar tantancewa ta jami'a, manhaja ta ce kashi tamanin cikin ɗari rubutun na'ura ne. Ya buga sakamakon ya kai wa hukuma, ya kuma raba wa duk wanda ke da waya.

"Wai rubutun ya cika tsafta," in ji Farfesa. "Wai mutum ba ya rubutu haka."

Da a wani lokaci ne da Auta ta yi dariya. Jimlar da ta kwana uku tana gogewa tana sakewa, ita ce yau ake cewa ba ta mutum ba ce.

Dokar jami'a a fili take, don Farfesa ne ya shugabanci kwamitin da ya kafa ta, daftarinta ma a teburin nan aka rubuta shi. Duk wanda manhaja ta nuna, ko ya kawo rubutun farko da ke nuna yadda aikin ya faro, ko ya amsa cewa na'ura ta taimaka masa.

"Ina littattafan nan naki?" ya tambaya. "Duka. Kada ki bar ko ɗaya."

Murna ta kama ta. Littattafan nan duk hannunta ne, da goge-gogenta, da kwanan wata a saman kowane shafi, wani ma da tabon mai. In ya ɗora su a gaban hukuma, magana ta ƙare, nasa mutuncin ya tsira, nata sunan ya fito. Ta kwaso su daga saman firiji da ƙarƙashin gado, guda goma sha bakwai, ta jera su bi da bi, ta ɗaure da tsohon ɗankwali. Ta goge masa kayan da zai sa, washegari da safe ta raka shi har bakin mota tana yi masa addu'a. Bai kalle ta ba, ya karɓi littattafan ya jefa a but ɗin mota.

A waya ta ga abin da ya faru, matar maƙwabcinsu ce ta turo mata hoton bidiyon tana taya ta murna. Ga Farfesa a tsaye gaban majalisar malamai, hannu a ƙirji. Ya ce ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubuta mafi yawan babukan littafin, kuskurensa shi ne bai bayyana ba, kuma yau ya zo ya bayyana, don shugaba shi ya kamata ya fara bin dokar da ya kafa. Aka miƙe tsaye ana tafi. Wani dattijo ya ce bai taɓa ganin gaskiya irin wannan ba tun da ya shiga aikin koyarwa.

Auta ta kalli bidiyon sau uku. Miyar da ke wuta ta kama, sai da ƙauri ya cika gidan ta tashi.

Ta jira yara suka ci abinci suka fita wasa, ta same shi a ɗaki yana amsa saƙonnin yabo.

"Abban yara, na'ura ka ce."

"Zauna mu yi magana ta hankali."

"Ina tsaye ma ina ji."

Ya ajiye wayar, ya ɗauko muryar da yake koyarwa da ita. "Ke kika rubuta dokar, kin fi ni saninta. In na ce na'ura ce, layi ɗaya zan ƙara a bugu na biyu, shi ke nan. In na ce mutum ne ya rubuta min na sa sunana, kujerata ta tafi. Gidan nan da muke ciki na jami'a ne. Makarantar yaran nan ta 'ya'yan ma'aikata ce. Wa na yi wa? Ba ku ba?"

"Da ka ce tare muka rubuta."

"Bayan littafi ya fito da sunana ni kaɗai? Kuma ki duba min, Auta, a ce matata ce ke yi min rubutu? Da wane ido zan kalli ɗalibai? Yanzu kowa yana amfani da na'ura, ba abin kunya ba ne. Gara a ce na'ura ce."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da gaske yake faɗa, bai ma ji ya faɗi wani abu ba.

"Ina littattafaina?"

"Suna wuri mai kyau."

Sai da ta tambaya kwana huɗu a jere kafin ya ce ya kawar da su. Akwai injin markaɗe takardu a ofis, ya zuba su ciki da hannunsa, don rufin asirinsu duka. Ya ce ta daina sa abin a ranta, ai abin da ke cikinsu yana nan a littafi, bai ɓata ba.

Daga nan Auta ta fara ramewa. Abinci ba ya wucewa, kai ba ya daina sarawa. Ta sa gishiri sau biyu a abinci ɗaya, ta manta kaya a igiya ruwa ya dake su. Matan abokansa suna zuwa suna cewa ta yi dace da miji mai tsoron Allah, ita kuma tana zuba musu lemo tana cewa an gode. Gayyata kuwa ta ƙaru, yanzu kowa so yake Farfesa ya zo ya yi magana a kan ƙarfin halin faɗar gaskiya. Jawaban nan ba su rubuta kansu ba. Ya sayo mata sababbin littattafai rabin dozin, amma yanzu da ta gama bugawa sai ya yage shafukan ya tafi da su. Ta rubuta jawabi biyu tana jin haushin hannunta. Abu ɗaya ya rage mata da take riƙe da shi, fom ɗin nan da ke tsangayar ilimi, kullum tana duba waya ko an kira ta.

An kira ta, amma ba kiran da take jira ba. Takarda ce daga kwamitin ladabtarwa na makarantar manyan digiri. An zuba samfurin rubutunta a manhajar gano satar rubutu kamar na kowa, ya yi daidai kalma da kalma da babi na huɗu na littafin da aka riga aka buga. Ana tuhumarta da satar rubutu. Ana so ta bayyana ranar Laraba, ƙarfe goma.

Da Farfesa ya karanta sai ya dafe kai. "Kai, Auta! Me ya sa ba ki janye fom ɗin ba?"

"Kai ka ce in kai."

"Wancan lokacin daban ne. Ya kamata ki yi tunani." Ya ninke takardar ya sa a aljihu kamar tasa. "Bari kawai, zan san yadda zan yi. Ke dai in mun je kada ki yi magana. Kalma ɗaya daga bakinki za ta rusa komai."

Washegari ta tafi wurin Inna, mahaifiyarta. Ta same ta zaune a kan darduma, ƙafa a miƙe, ga ledar magungunan hawan jini a gefe. Auta ta zayyane mata komai tun daga farko, ta yi kukan da ta kwana biyu tana dannewa. Inna ta saurara har ƙarshe, ta share mata hawaye da gefen mayafi.

"Yanzu dukanki yake yi?"

"A'a, Inna."

"Ya hana ki ci ko sha? Ya kawo miki wata fitina daga waje?"

"Inna, ɓarauniya fa za a kira ni. A rubuce. A kan abin da ni na rubuta."

"To ai na mijinki ne, ba na wani ƙato ba. Abinki nasa ne, nasa naki ne. Ni ban ga abin tayar da jijiyar wuya a kan takarda ba." Ta gyara zama da ƙyar. "Auta, ki dube ni. Ki je ki tsaya gaban mutane ki tona asirin uban 'ya'yanki, a kore shi, ku kwaso kaya ku zo ina? Ɗakin nan? Kuma wa zai yarda da ke, tunda kin ce littattafan babu? Sai a ce baƙin ciki kike yi da ɗaukakar mijinki. Ni dai kada ki ƙarasa ni, jinin nan da ƙyar yake sauka. Ki yi haƙuri, karatu ba ya guduwa."

Auta ta ce to. Ta haɗa wa Inna maganin rana, ta ba ta ruwa, ta fito.

Ranar Laraba suka tafi a mota ɗaya. Ɗakin taron dogon tebur ne da fanka mai ƙara. Mutum uku ne a kwamitin, maza biyu da shugabarsu, wata Dakta mai furfura da tabarau rataye a wuya. Farfesa an gayyace shi ne a matsayin mai littafin da aka sata. Da ya shiga mazan biyu suka miƙe suka ba shi hannu, aka ja masa kujera mai laushi. Auta aka nuna mata ta roba a ƙarshen tebur.

Dakta ta buɗe fayil ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai. Ranar da aka karɓi fom ɗin ta riga ranar fitar littafin da wata uku.

"Ai gida ɗaya suke, ranki ya daɗe," in ji ɗaya daga cikin mazan. "Kwamfutar tana nan a ajiye, sai ta buɗe ta kwafa."

"Yana yiwuwa," in ji Dakta. Ta juya ga Farfesa. "Babin nan ya koya min wata dabara, bari in gwada ta. Farfesa, wane wuri ne ya fi ba ka wahala a cikinsa?"

Ya yi murmushi, ya gyara tabarau, ya ce kamar yadda ya bayyana wa majalisa, wannan babin yana cikin waɗanda na'ura ta fi taimakawa, don haka ba zai iya cewa ga wuri ba.

"Malama, ke fa?"

Amsar tana bakin Auta. Sakin layi na uku a shafi na shida, inda ta so ta bayyana abin da ɗaliba take ji idan malami ya ce aikinta ya fi ƙarfinta. Sau goma sha ɗaya ta sake shi. Ta tuna ranar, ruwa ake yi, wuta ta ɗauke, ta jawo tebur kusa da taga. Ta buɗe baki. Farfesa ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, a yi min izini." Ya miƙe, hannu a ƙirji kamar wancan karon. "Wannan iyalina ce. Ta daɗe rabonta da makaranta, ba ta san yadda ƙa'idoji suka tsananta ba. Tana taya ni buga rubutu, ta ga babin ya burge ta, sha'awar karatu ta ɗebe ta. Laifina ne da ban lura ba. Ni dai a nawa ɓangaren na yafe mata, duniya da lahira. Ina roƙon kwamiti ya sassauta."

Mazan biyu suka girgiza kai don tausayi. Ɗaya ya ce irin wannan dattako sai Farfesa. Auta tana zaune a kujerar roba ana yafe mata, ta ƙura wa wani tabon biro a kan tebur ido. Dakta ta sake tambayarta ko tana da abin cewa. Ta tuna Inna da ledar magani, ta tuna yara, ta girgiza kai.

Hukunci bai ɗauki minti goma ba. Asalinsa haramta neman gurbi har abada ne, da liƙa suna a allon sanarwa. Amma tunda mai haƙƙi ya yafe, za a tsaya a shekara biyar, ba za a liƙa ba, da sharaɗin ta kawo takardar amsa laifi da neman afuwa, da sa hannunta, kafin ranar Litinin ta wuce.

"Kin ga yadda na fitar da ke?" in ji Farfesa a mota. "Da ba don ni ba da yanzu sunanki yana allo."

Ranar Asabar da safe ya zaunar da ita a teburin, ya ce ta rubuta takardar. Ta rubuta shafi ɗaya ta miƙa masa. Ya karanta a tsaye, fuskarsa ta canza.

"Wannan ba zai yiwu ba. Ya yi kyau da yawa. Matar nan ta karanta littafin, tana ganin wannan za ta gane hannu. Ki sake, ki rubuta kamar wadda ba ta iya ba."

Ta sake. Ta gajarta jimloli, ta cire duk kalmar da ta ji tana da daɗi, har kuskure ta sa da gangan, tana yi tana jin kamar tana yankar naman jikinta. Ya karanta ya yi tsaki.

"Har yanzu ke ce. Dubi yadda kika buɗe, dubi yadda kika rufe. Ke ba ki iya rubutu kamar sauran mutane ba ne?"

Ya yayyaga duka biyun, ya jawo kwamfuta ya ce bari a sa na'ura ta yi. Ya daɗe yana lalube da yatsa biyu. Mutumin da ake ɗauka a jirgi ya je ya koya wa jami'o'i yadda ake amfani da ƙirƙirarriyar basira, sai da ya juyo ya tambaye ta ina ake rubuta umarnin. Ta nuna masa da yatsa. Cikin ƙiftawar ido takarda ta fito, sumul, ba gishiri ba yaji, cike da nadama mai zurfi da alƙawarin ba za a sake ba. Ya buga ta a injin da ke ɗakinsa, ya kawo da ɗuminta. A ƙasa ga sunanta cikakke, har da na mahaifinta, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Ya miƙa mata bironsa mai tsada ta sa hannu.

"Ke za ki kai," ya ce. "Bai dace a gan ni da ita ba."

Ranar Litinin ta hau bene zuwa ofishin Dakta. Ƙaramin ofis ne, fayil ko'ina har kan kujerun baƙi. Dakta ta kwashe na kujera ɗaya ta ce ta zauna, ta tashi ta rufe ƙofa da kanta. Ta sa tabarau ta karanta takardar a hankali, daga sama har ƙasa. Da ta gama ta ajiye, ta cire tabarau.

"'Yar'uwa, babu kowa a nan, daga ni sai ke. Na karanta babi na huɗu sau uku. Shekara talatin ina duba rubutun ɗalibai, na san rubutun da aka sha wahala a kansa, na kuma san wanda ba a sha ba. Ba zan iya yin komai da zato ba, sai da abin da kika faɗa da bakinki. In kika ce min ba ke kika rubuta wannan takardar ba, zan ƙi karɓarta, in sake buɗe fayil ɗin daga farko, in kira duk wanda ya kamata a kira. Ba zan ɓoye miki ba, abin ba zai yi wa gidanku daɗi ba." Ta tura takardar tsakiyar tebur. "Sau ɗaya zan tambaye ki. Ke kika rubuta wannan?"

Shekara goma sha huɗu Auta tana jiran wani ya ɗaga takarda ya yi mata wannan tambayar. Shafi ɗari uku da wani abu ta rubuta a littafin nan kaɗai, ban da jawabai da maƙaloli da dokar da ake hukunta ta da ita, babu wanda ya taɓa tambaya. Sai yau, a kan shafi guda da babu harafinta ko ɗaya a ciki. Mijinta bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa zaginta ba, ko a gaban wa za a je za a ce mutumin kirki ne. Ya dai ɗauki abin da ke kanta ya ci da shi, da aka zo tambaya ya ga inji ya fi ta cancantar a ambata, sannan ya tsaya gaban mutane ya yafe mata. Mahaifiyarta ta ce takarda ce kawai. Kowa yana da hujjarsa, kuma kowace hujja a kan wuyanta aka ɗora ta: gida, makarantar yara, jinin Inna.

A waje ɗalibai suna wucewa suna dariya, wani yana kiran wani ya jira shi. Agogon bango ya nuna sha biyu da kwata, ƙarfe ɗaya motar makaranta za ta sauke yaran a ƙofar gidan da ba nasu ba. Dakta ba ta ɗauke ido daga kanta ba.

"Ni na rubuta," in ji Auta.

Dakta ta jawo aljihun tebur ta ɗauko hatimi, ta buga a kan takardar, ta sa kwanan wata, ta zura ta cikin fayil ta rufe.